Tambayoyinku: Ruwan kwamin kifi, yaushe ake canza shi kuma yaya?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da zafi ya fara kunno kai saƙonnin da ke shigo mana kusan duk kan abu ɗaya suke, ruwa ya yi wari, ruwa ya yi kore, kifi ya daina ci, kifi na mutuwa. Na tsinto guda shida, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya duba da kyau, amsarsa na cikin na wani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da kwamin siminti cikin gida, tsawonshi mita 3, faɗi mita 2, ruwan na kai mita 1. Na zuba tarwaɗa 600, yanzu wata ukku ke nan. Wanda ya saida min ɗiyan kihin ya ce in riƙa canza ruwa duk sati, kuma haka nika yi kowace Juma'a ban taɓa tsallakewa ba. Amma wanga wata tun ranar Talata ruwan ka fara wari, kihin su taso su yi tsaye a sama kamar an rataye su, abinci ma ba su ci kamar da. Mi ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Jega.

AMSA: Ƙanena, wanda ya sayar maka bai yi maka ƙarya ba, gaskiya ya faɗa maka amma gaskiyar watan farko ce, kai kuma ka riƙe ta har wata uku. Zo mu yi lissafi tare. Kwaminka lita 6,000 yake ci, wato jarka 240 irin mai lita 25 ɗin nan. Lokacin da ka zuba su in mun ce kowane giram 10 ne, duka kifin kilo 6 ke nan, abincin da suke ci a yini bai wuce giram 300 ba, ɗan abin da za ka ɗebo a kwano. Yanzu kuwa in kowane ya kai giram 300, kilo 180 na kifi ke kwance cikin ruwan nan, kuma na san kana zuba musu wajen kilo 4 na abinci kullum. Abinci ya ninka fiye da sau goma, ruwa kuwa yana nan yadda yake, ranar canji ma tana nan Juma'a. To ina zai je?

Abin da ke kashe kifi a irin wannan kwamin sunansa amoniya, kifi na fitar da ita ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa, ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe ma yana ƙarawa. Kowane kilo 1 na abinci mai gina jiki irin wanda muke saya a buhu yana haifar da kusan giram 30 nata. Kilo 4 ɗinka giram 120 ke nan a yini, in ka raba da lita 6,000 ya zama miligiram 20 a kowace lita, alhali masana na son ta tsaya wajen 1 ko 2. Gansakuka da ƙwayoyin halittar da ke bangon kwami suna cinye wani abu daga ciki, kuma tarwaɗa kifi ce mai taurin rai, tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama kai tsaye, shi ya sa ba su mutu maka ba tukuna. Amma wannan taurin ran nata shi ke yaudarar mutane, tana raye amma ba ta girma, kana ta zuba kuɗin buhu tana ta ramewa, sai ranar kamu ka ɗora a sikeli ka riƙe baki.

Tsayuwar da suke yi a sama, in ɗaya biyu ne bayan sun ƙoshi ba komai ba ne, hutawa suke. Ka tafa hannu a bakin kwami, in suka watse suka nutse lafiya lau. In kuwa da yawa ne kuma ka tafa sun yi maka banza, ko ka ga gashin bakinsu ya fara guntulewa ko cikinsu ya yi ja, ruwa ne.

Abin yi, ka manta da Juma'a. Daga yau kullum da safe kafin ka ba su abinci ka zubar da kashi ɗaya cikin uku ka mayar da sabo, kuma daga ƙasa za ka cire, don dagwalon can yake kwance, wanda yake ɗibar ruwan sama da bokiti mai kyan yake zubarwa ya bar dattin. In maginin ya yi maka gangare zuwa bakin fayif to buɗewa kawai za ka yi, za ka ga na farkon da ke fitowa baƙi ƙirin da kauri kamar kunu, ka bar shi ya yi ta zuba har ya fara haske. In ba gangare ka samu tiyo ka cika shi da ruwa, ka toshe baki ɗaya da yatsa, ɗayan ka kai shi ƙasan kwami kana bin kusurwa kusurwa kamar mai shara. Kada ka canza ruwa suna gama cin abinci, tarwaɗa in ta firgita amai take yi, ka yi asarar abincin kuma ka ɓata sabon ruwan. Bayan canji ka ba su kamar awa ɗaya su natsu sannan ka ciyar, kaɗan kaɗan kana tsaye, da ka ga sun rage wawaso ka tsaya. Ranar da ruwa ya yi wari kuwa kada ka ba su komai, yunwar kwana ɗaya ba ta kashe tarwaɗa.

Sai dai fa ka lura, kashi ɗaya cikin uku na kwaminka lita 2,000 ne, jarka 80 kullum. In bohol gare ka da sola to madalla. In kuwa wurin 'yan garuwa kake saya, ƙanena ribar ta tafi wurin mai kura, gara ka rage kifin, ka ware manyan ka sayar ko ka kafa wani kwamin na tamfol ka raba su. Ni a ganina wanda ba shi da ruwa mai gudu kada ya wuce manyan kifi 50 a kowace lita 1,000, kai kuwa 100 ka zuba. Masu sayar da 'ya'yan kifi ba sa son jin wannan maganar, ai su yawan da ka saya shi ne cinikinsu.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Tamfol gare ni a bayan ɗaki da kifi 200. Ranar Asabar na ga ya yi datti sosai sai na zubar da ruwan duka, na sa yara suka kwashe kifin a baho, muka wanke tamfol ɗin tas da soso da omo har yana ƙyalli, da yake an kawo ruwan famfo ranar sai na cika da shi na mayar da su. Wallahi da safe guda 70 na tsince sun mutu, sauran duk jikinsu ciwo. Maƙwabciyata ta ce in fasa musu kafso a ruwa. Daga wata uwargida a Gusau.

AMSA: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Tsafta ce ta ja miki, irin tsaftar da ake yi wa kwanon abinci, kwamin kifi kuwa ba ya son ta. Ni ma na taɓa yin irinta shekarar da na fara, na kwana ina jin daɗi na yi aiki, da asuba na fito da tocila na tarar da fararen ciki birjik a saman ruwa, har yau in na tuna sai in ji wani iri.

Abu uku ne suka haɗu miki. Ruwan famfo ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, ga mutum alheri ne, ga kifi kuwa yana ƙona jan naman nan na cikin kumatunsa da yake numfashi da shi. Maganinsa mai sauƙi, a tara ruwan a tanki ko duro a bar bakinsa buɗe kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin ɗin zai fice da kansa. Sai omo, ko kin ɗauraye sau nawa yana maƙalewa a lungun ɗinkin tamfol, yana wanke yauƙin jikin kifi, wannan yauƙin kuwa shi ne rigarsa. Na ukun zaman bahon, tarwaɗa 200 a matse ba ruwa sosai suna ta sukar juna da ƙayar gefensu, ciwon da kike gani daga nan ne.

Kuma santsin nan kore ko ruwan ƙasa da ke bangon tamfol wanda kika kankare, akwai ƙananan halittu a cikinsa da ido ba ya gani, su ke cin amoniya su mayar da ita abin da bai cika cutarwa ba. Ma'aikatanki ne na kyauta. In ya yi kauri a goge sama sama da soso da ruwa zalla, ba sabulu, kuma a bar ruwa ya rufe bayan kifin suna ciki, ba sai an kwashe su ba.

Batun kafso ki bar shi. Wannan ɗabi'ar ta fasa maganin mutane a ruwan kifi ta yi yawa, kowa ya zama likita, ga shi ba cuta ce ta kama naki ba, kuma a ƙarshe maganin cikin naman yake zama iyalinki su ci. Ki samu gishirin abinci, kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1,000, ki narkar a bokiti tukuna sannan ki watsa ko'ina, yana rage musu galabaita kuma ciwon na saurin warkewa. Ki dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ki riƙa tsame wanda ya mutu da wuri kafin 'yan'uwansa su cinye shi. In bayan kwana uku mutuwa ba ta tsaya ba a nemi malamin dabbobi ya gani da idonsa.

Tunda maganar inda ake samo ruwa ta taso bari in ƙara. Ruwan bohol ba kulorin amma yana fitowa ba iska a cikinsa, don haka kada a tsoma bakin fayif cikin kwami, a ɗaga shi sama ruwan ya riƙa faɗowa yana fantsama, ko a huda gwangwani a rataya ya zama kamar shawa. In kin tara a farin bokiti bayan 'yan awoyi ya koma ja ja, ƙarfe ne a ciki, a bar shi ya kwana a tanki ya kwanta a ɗebi na sama. Ruwan fadama lokacin feshin shinkafa a guje shi, maganin ƙwari ɗan kaɗan ya isa ya share kwami, haka bokitin da aka taɓa dama maganin feshi a ciki kada ya kusanci kifi. Mutanenmu na wajen Anka da Bukkuyum kuma ba sai na tuna musu gubar dalma ta 2010 ba, kududdufin da ake wanke ƙasar zinari a ciki ba a kiwon abin ci da ruwansa.

TAMBAYA: An gama min ginin sabon kwami jiya, gobe nake son zuba kifi. Akwai matsala? Daga wani matashi a Zuru.

AMSA: Akwai babba. Sabon siminti yana sakin ƙarfinsa cikin ruwa, ruwan ya zama kamar an jiƙa toka ko kanwa, yana ƙona fatar kifi. Ka cika shi ka bar shi sati ɗaya, ka zubar ka goge bangon, ka sake cikawa wani satin. Tsofaffin hannu suna jefa kututturen ayaba ko buhun taki a ciki ya jiƙa tare. Bayan nan ka sa kifi biyar na gwaji, in sun kwana uku suna ci suna walwala sai ka kawo sauran. Wanda ka yi ciniki da shi ka kira shi yau ka ce ya ƙara riƙe maka su sati biyu da 'yan kwanaki.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon masunci ne, ƙarfi ya ƙare sai yara sunka gina min ɗan tafki na ƙasa cikin garka munka zuba gargaza. Muna sa kashin kaji kamar yadda anka ce muna. Ruwan ya yi kore shar, da rana kihi lahiya lau, amma in na hito sallar asuba sai in iske su dut sun taso suna buɗe baki a sama, hantsi na yi su koma. Mi ad dalili? Daga wani dattijo a Argungu.

AMSA: Baba ai ni ya kamata in zo in ɗauki karatu wurinku, mutanen da tun 1934 duniya ke taruwa bakin kogin Matan Fada tana kallon yadda suke fito da giwan ruwa da koma da gora. Amma gulbi daban tafkin garka daban, shi gulbi yana tafiya yana wanke kansa.

Koren nan ƙananan tsirrai ne, gansakuka, kashin kajin da kuke sawa shi ke ciyar da su, gargaza kuma tana cinsu, har nan komai daidai ne. Da rana in hasken rana ya bugi ruwan suna sakin iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuwa sai su juya su ma su riƙa shaƙa, ga kifi na ja, ga lakar ƙasa na ja, kafin asuba iska ta ƙare. Ita gargaza ba ta da waccan gaɓar ta tarwaɗa, abin da ke narke cikin ruwa kaɗai ta dogara da shi, shi ya sa take tasowa tana lasar saman ruwa. Zafi na ƙara dagula abin, don ruwa mai ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi, a ma'aunin zafi 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9, a 30 kuwa wajen 7 da rabi, ga shi a Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu na wuce 40. Ranar da na fi jin tsoro ita ce ta damina, hadari ya rufe rana yini guda ko biyu, koren bai yi aikin komai ba, daren nan ne ake wayar gari da asara.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa da la'asar wanda ba a gani. In kore ya yi yawa, ma'aunin da ake kira pH, mai nuna tsami ko kanwar da ke cikin ruwa, yana hawa da rana, kuma hawansa ke mayar da amoniya guba. A ruwa mai ɗumi irin namu, a pH 7 abin da ke cutarwa cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a 8 ya haura kashi 6, a 9 kuwa ya kai kusan 40. Kifi ya fi son tsakanin 6.5 da 8.5. Ana samun 'yar takardar gwajinsa a wasu shagunan abincin kifi, a tsoma ta canza launi, jikokinku za su iya dubawa, wanda kuma yake son karatun abin sosai akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya a New Bussa kusa da madatsar Kainji.

Amma ku Baba hannunku ya isa ma'auni. Ku tsoma hannu a ruwan da hantsi, tafin na kallon sama. In tafin ya ɓace muku daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, koren ya yi daidai. In tun a wuyan hannu ya ɓace ya yi yawa, a tsayar da kashin kaji gaba ɗaya, a rage abinci, a zubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu a ƙara sabo, a maimaita bayan kwana biyu har ya sassauta. In har kafaɗa kuna ganin yatsunku to ruwan ya yi fari, a ɗan ƙara taki, shi ma a ɗaure a buhu a rataya a kusurwa don a iya cirewa. Duk asubar da kuka gan su a sama a tada yara su kunna injin ban ruwa ya riƙa watsa ruwa sama yana faɗowa, in ba inji ko da ƙwarya ce a yi ta ɗiba ana watsawa har rana ta fito.

TAMBAYA: Da hunturu kifina sun ƙi cin abinci, yanzu da zafi kuma ruwan tamfol kamar na wanka. Canjin ruwan iri ɗaya ne duk shekara? Daga wani malamin makaranta a Talata Mafara.

AMSA: A'a Malam. Tarwaɗa ta fi sakewa tsakanin 26 da 30 a ma'aunin zafi. A Disamba da Janairu ruwan tamfol na yin sanyi sosai da dare saboda tamfol ba shi da kauri, ci ya ragu, mai gida kuma ya ci gaba da zuba abinci yadda ya saba, ya nutse ya ruɓe. Lokacin ka rage abinci, ka mayar da ciyarwa tsakar rana, ka rufe saman da leda da dare ka bar kafar iska, canji ma ya ragu tunda dattin ya ragu. Ruwan bohol da ya fito yanzu yanzu ɗumi gare shi da safiyar hunturu, yana taimaka musu. Da bazara kuwa ka yi rumfar zana ko asabari, ka cika ruwa ya yi zurfi, canji da sassafe ko bayan magariba. Baƙin tankin roba da ya yini a rana kada ka sake musu ruwansa da azahar, taɓa da hannunka tukuna, in ka ji bambanci sosai da na kwamin ka zuba a hankali ko ka jira ya huce.

TAMBAYA: Ruwan da nake zubarwa kwata yake bi ya fita titi, maƙwabta sun fara magana har an ambaci mai unguwa. Ya zan yi? Daga wata mai karatu a Birnin Kebbi.

AMSA: Maƙwabta na da gaskiya 'yar'uwa, ƙarnin nan ba kowa ke iya zama da shi ba, ga sauro in ya kwanta. Kuma taki kike zubarwa a titi. Ki ja fayif zuwa gindin ayaba ko zogale ko gwanda, in akwai ɗan fili ki yi kwamin alayyahu da yakuwa, za ki ga ganyen ya yi duhu cikin 'yan makonni. A gindi za a zuba ba a kan ganye ba, kuma ranar da kika sa gishiri ko magani wannan ruwan kada ya je wa shuka. In gidan duk siminti ne a haƙa rami a cika da duwatsu da yashi a rufe samansa, nesa da rijiya, ruwan ya riƙa tsotsewa a nan. Kafin a gama aikin ki riƙa sakin ruwan kaɗan kaɗan da sassafe kina bin bayansa da bokitin ruwa mai kyau, kuma ranar kamu ki aika wa gidan da ke bakin kwatar manya guda biyu.